Gonakin Bayan Ganuwa: Waiwaye a Kan Unguwar Gano, Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

Ƙaramar Hukumar Tarauni, wadda aka ƙirƙira a shekarar 1996 lokacin da ƙananan hukumomin Jihar Kano suka kai 44, tana da mazaɓu goma, wato Tarauni da Unguwar Gano da Gyaɗi-Gyaɗi Arewa da Gyaɗi-Gyaɗi Kudu da Darmanawa da Daurawa da Babban Giji da Hotoro da Ƙauyen Alu da kuma Unguwa Uku, inda hedikwatarta take. Faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 28 ba, amma ƙidayar 2006 ta ba ta mutum 221,367, abin da ke nufin kusan mutum dubu takwas a kowane murabba'in kilomita, kuma babu mai shakkar cewa adadin ya ƙaru matuƙa tun daga lokacin. Wanda ya san yankin a yau kaɗai, da asibitocinsa da kotunansa da gadojin sama da kasuwannin waya, zai ɗauka waɗannan sunaye na unguwannin birni ne tun asali, alhali mafi yawansu sunayen ƙauyukan manoma ne da ke bayan ganuwa ta kudu maso gabas, waɗanda birni ya tarar da su a inda suke, ya kewaye su, sannan ya haɗiye gonakinsu a cikin abin da bai kai tsawon rayuwar mutum ɗaya ba. Tarihin Kano da aka rubuta ya fi karkata ga sarakuna da yaƙe-yaƙe da manyan attajiran cikin birni, don haka sau da yawa ana ba da labarin faɗaɗar birnin tamkar fili ne kawai aka samu aka yi gini a kansa. Ba fili aka samu ba, ƙasa ce da aka yi ɗaruruwan shekaru ana yi mata hidima, kuma fahimtar wannan ita ce mabuɗin fahimtar abin da mutanen wurin suka samu da abin da suka rasa.

Karkarar da ta kewaye birnin Kano ba irin karkarar da aka saba gani a sauran sassan Afirka ta Yamma ba ce. A wurare da dama manomi kan noma gona shekaru kaɗan, idan ta gaji ya bar ta ta zama saura, wato gonar da aka ƙyale ta huta har ciyawa da ƙananan itatuwa su rufe ta, shi kuma ya sari sabon daji. A kewayen Kano jama'a sun yi yawan da babu dajin da za a sara, saboda haka gona ɗaya ake nomawa kowace damina ba hutu, uba ya bar wa ɗa, ɗa ya bar wa jika. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a 1851, ya yaba albarkar wannan ƙasa da yawan jama'arta, kuma bayan fiye da shekara ɗari, a 1965, Michael Mortimore da J. Wilson na Jami'ar Ahmadu Bello suka wallafa binciken da ya sa masana a duniya suka san yankin a matsayin misalin karkara mai cunkoson jama'a wadda duk da haka ƙasarta ba ta mutu ba. Gidajen ba a dunƙule suke wuri guda kamar na garuruwa masu ganuwa ba, a warwatse suke a tsakiyar gonaki, gida ɗaya ko rukunin gidajen dangi a nan, wani can bayan 'yan gonaki, ana haɗa su da burtali, wato hanyar dabbobi da ake shinge gefenta da aguwa ko wasu tsirrai don kada shanu da awaki su faɗa wa shuka. Kusancin ganuwa ne ya ba su wannan sakewa, domin wanda zai iya shiga birni da ƙafa idan an yi gangamin yaƙi ba ya bukatar ya gina wa kansa katanga.

Sirrin wannan noma shi ne taki, kuma takin ya fi fitowa daga cikin birni. Da zarar an gama girbi kuma iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai manomi ya ɗaura wa jakinsa itacen girki ko kara ko harawa, wato busasshen ganyen wake da na gyaɗa da ake ciyar da dabbobi, ya kama hanya tun da asuba, ya shiga ta ƙofar da ta fi kusa da shi, kamar Ƙofar Nassarawa ko Ɗan Agundi. Idan ya sayar da kayansa ba ya komawa da jaki haka nan, sai ya bi gidajen da ya saba da su da jujin unguwa, ya cika mangala, wato jakar nan mai aljihu biyu da ake rataya wa jaki, da kashin awaki da na dawakai da toka da sharar tsakar gida. A gona yakan zube kowane lodi tsibi guda, tsibi na bin tsibi a jere, a bar su su sha rana har gab da faɗuwar damina, sannan a baza a bi da garma. Mai ƙwazo kan yi sawu fiye da ɗaya a yini idan gonarsa na kusa, kuma ƙauyukan da ake magana a kansu suna cikin mafi kusa, don haka gonakinsu na cikin waɗanda suka fi samun taki. Ta wannan hanya birni yana rabuwa da shararsa, ƙauye yana sabunta ƙasarsa, hatsin da aka noma da takin kuma ya sake komawa birni, ta yadda ba za a iya cewa wannan ne ke ciyar da wancan ba tare da an faɗi akasin haka ba.

Shekarar manomi ta tafi bisa tsari sananne. Akan yi sharar gona a bazara, wasu su yi binne, wato shuka iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, sannan idan damina ta kankama a yi noman firi, a yi maimai, a yi huɗa. Ba a cika shuka abu ɗaya a gona ba, gero da dawa ake haɗawa, a sa wake a tsakani, daga baya gyaɗa ta samu nata wuri, a kusa da gida kuma a ga rogo da barkono da lalle da rama da baba, wanda marina ke bukata. Gero ne ke fara nuna, shi ke fitar da gida daga ƙuncin tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa, dawa kuma ta biyo baya da kaka. A saman duk wannan akwai itatuwan da ba daji ne ya bar su ba, mutane ne suka zaɓe su suka raine su: ɗorawa don kalwa da daddawa, kuka don miya, tsamiya don kunu, ɗinya da kanya don 'ya'yansu, rimi don audugarsa da inuwa, gawo kuma saboda yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa shuka rana, sannan ya ba dabbobi abinci da rani. Kowace bishiya tana da mai ita, ana gadonta, ana iya jinginar da ita, wato a ba da ita a hannun wanda aka ci bashinsa ya riƙa cin amfaninta har a biya, kuma ba a sare ta sai da dalili, sassabe rassanta kawai ake yi don itace.

Ginshiƙin aiki shi ne gandu, tsarin da uba da 'ya'yansa maza masu aure, ko 'yan'uwa bayan rasuwar uba, ke noma babbar gona tare, a ci daga rumbu ɗaya, maigida kuma ya ɗauki nauyin haraji da na auren samarin gidan, yayin da kowane ɗa ke da gayauna, ƙaramar gonar da yake nomawa don kansa da yamma ko a ranar da aka ware masa. Idan aiki ya fi ƙarfin gida sai a kira gayya, maƙwabta su taru da fartanyoyinsu, a yi kiɗa, a ci tuwo, a gama gonar a yini guda. Sai dai bai kamata ƙaunar wannan hoto ta rufe wani ɓangarensa ba, domin akwai wani gandun na daban, wato na sarki da na masu sarauta da manyan attajirai, wanda bayi ne ke noma shi. A ƙarni na 19 irin waɗannan gandaye sun kewaye birnin, daga Fanisau ta arewa, wadda Mohammed Bashir Salau ya rubuta littafi guda a kanta, zuwa Ɗorayi da Nassarawa, kuma Gandun Albasa da ke maƙwabtaka da Gyaɗi-Gyaɗi har yau yana ɗauke da sunan. Bayan zuwan Turawa a 1903 bauta ta riƙa ja da baya a hankali, ta hanyar dokar da ta 'yanta duk wanda aka haifa bayan 1 ga Afrilu 1901, da ta hanyar fansar kai, wadda wasu suka tara kuɗinta daga sana'ar da suke yi suna biyan murgu, wato kuɗin da bawa ke ba ubangidansa don ya bar shi ya nemi na kansa, har zuwa 1936 da aka haramta bautar gaba ɗaya. Wani kaso na albarkar ƙasar Kano gumin waɗannan mutane ne, kuma jikokinsu sun narke a cikin jama'ar karkarar ta hanyar aure da zama tare.

Kuskure ne a ɗauka mutanen waɗannan ƙauyuka manoma ne kawai. Damina wata huɗu ce ko biyar, sauran shekara kuwa ta sana'a ce, kuma saƙa da rini da ƙira da jima da dukanci da fatauci duk sun yi ƙarfi a karkarar Kano kamar yadda suka yi a cikin birni, wani lokaci ma fiye. Mata na kaɗi da kitso da daddawa da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a cikin gida, yara na kai musu talla, kuɗin kuma nasu ne, da shi suke yin adashi da biki, wato gudummawar da mace ke kai wa ƙawarta ranar aure ko suna bisa sharaɗin za a rama mata da ƙari. Polly Hill, masaniyar tattalin arzikin karkara da ta zauna a Ɗorayi a farkon shekarun 1970, ta wallafa littafi a 1977 inda ta kwatanta karkarar Kano ta 1900 da ta 1970, kuma hujjar da ta kafa ita ce a farkon ƙarnin karkara ce matattarar sana'a da fatauci, amma mulkin mallaka ya janye waɗannan zuwa birni, ya bar ƙauye da jama'a mai yawa da gonaki ƙanana. Ɗorayi tana yamma da yankin Tarauni, amma tazararta da ganuwa da yanayin ƙasarta da tsarin zamanta sun yi kama da na Gyaɗi-Gyaɗi da maƙwabtanta ƙwarai, saboda haka abin da ta gani a can yana haska abin da ya faru a nan.

Ta fuskar mulki kuwa, kowane rukunin gidaje yana da mai unguwa, masu unguwanni suna ƙarƙashin dagaci, dagatai suna ƙarƙashin hakimi, kuma bayan da Turawa suka tsara gundumomi a zamanin Sarki Abbas, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1919, ƙauyukan kewayen birni suka ƙare a gundumomin Ungogo ta arewa da Kumbotso ta kudu. Kafin Turawa ana biyan kuɗin ƙasa da zakkar hatsi da kuɗin shuka a kan amfanin da ba hatsi ba da kuɗin karofi a kan marina, su kuma Turawa suka fito da auna gonaki don yanka haraji gwargwadon faɗinsu, kuma da gundumomin kusa da birni suka fara. Dokar ƙasa ta 1910 ta ayyana cewa duk ƙasar Arewa tana hannun Gwamna a madadin jama'a, amma a aikace manomin kewayen Kano ya ci gaba da gadon gonarsa da sayar da ita da jinginar da ita da ba da aronta, dagaci na shaida, domin a inda ƙasa ta yi ƙaranci kuma aka zuba mata taki shekara da shekaru, ba wanda zai yarda cewa ba ta da mai ita. Wannan saɓani tsakanin abin da doka ta rubuta da abin da jama'a suka sani ya kwanta shiru na tsawon shekaru, bai tashi ba sai ranar da birni ya bukaci gonakin.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga kaya a 1912, kuma a wannan shekarar ce manoman Kano suka ba Turawa mamaki, domin auduga aka yi tsammanin za su noma wa masaƙun Ingila, sai suka zaɓi gyaɗa, wadda ta fi kawo kuɗi, ta dace da jigawa, harawarta ta ciyar da dabbobi, kuma idan yunwa ta zo ana iya cin ta. Yunwar kuwa ba ta daɗe ba ta zo, domin ƙarancin ruwan 1913 ya haifar da wadda ake kira Kakalaba a 1914, ta kashe mutane masu yawa a ƙasar Kano. Daga baya gyaɗa ta zama ita ce kuɗin haraji da na aure da na tufafi, dalar gyaɗa ta zama alamar birnin, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka bunƙasa, yayin da yadin kanti ya riƙa kashe kasuwar masaƙan ƙauye. Duk da haka, har zuwa samun 'yancin kai birnin bai taɓa gonakin kudu maso gabas sosai ba, saboda faɗaɗar zamanin Turawa ta fi nufar gabas da arewa maso gabas, wajen Nassarawa da Bompai da Sabon Gari da Tudun Wada da Gwagwarwa, kuma ƙidayar 1952 ta nuna jama'ar birnin da kewayensa na kusa ba su wuce kimanin 130,000 ba.

Abubuwa sun juya ne a cikin shekaru kamar goma sha biyar. Tsarin raya birnin Kano na shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, wanda B. A. W. Trevallion ya jagoranta, ya shata gonakin kewaye a matsayin wuraren da birni zai faɗaɗa. A 1967 Kano ta zama babban birnin jiha, gwamnatin Audu Baƙo ta bukaci ofisoshi da gidajen ma'aikata da tituna, aka kafa gidan namun daji a farkon shekarun 1970 a kan titin da aka fi sani da sunan gidan, rukunin gidajen Kundila suka biyo baya, kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji suka sa ma'aikaci da ɗan kasuwa kowa na neman fuloti. A daidai wannan lokaci ne noma ya gamu da masifu biyu, farin 1972 zuwa 1974 da kuma cutar da ta lalata gyaɗa a 1975, wadda bayanta gyaɗar Kano ba ta sake komawa matsayinta ba. Manomin da ke gefen Titin Zariya ko Titin Maiduguri ya tsinci kansa tsakanin gonar da amfaninta ke raguwa da mai saye da ke tsaye da kuɗi a hannu, ko kuma jami'in gwamnati da ke tsaye da takarda.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ita ce ta yanke hukunci a kan tsohon saɓanin nan, kuma ba ta yanke shi don amfanin manomi ba. Ta danƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna, ta ba shi ikon ayyana kowane yanki a matsayin birni, ta tanadi cewa a irin wannan yanki wanda ke da filin da ba a gina ba zai riƙe abin da bai wuce rabin hekta ba, sannan idan an karɓi ƙasa don amfanin jama'a diyyar da za a biya ta gini ce da amfanin gona da itatuwa, ba ta ƙasar kanta ba. A nan ne rashin adalcin yake, kuma ya kamata a kira shi da sunansa. Dokar ta amince cewa wanda ya aza bulo a kan fili ya inganta shi, amma ba ta da ma'aunin da za ta auna mangalar takin da kaka da uba da ɗa suka yi ta zubawa har jigawa ta zama gona, don haka a idonta gonar da aka girbe fili ce da ba a taɓa ba. Mai ƙiyasta diyya yakan ƙirga ɗorawa da kuka da tsamiya, ya rubuta kuɗin dawar shekara ɗaya, a wasu lokuta a haɗa wa mai gona da fuloti, sannan a yanka sauran a raba wa waɗanda suka san hanyar ma'aikatar ƙasa, waɗanda da yawansu kan sayar da takardar tun kafin su ga inda filin yake. Ba a musun cewa birni na bukatar asibiti da kotu da makaranta, kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988 kuma mazauninsa ke kan Titin Zariya a wannan yanki, yana amfanar miliyoyin mutane har daga Jamhuriyar Nijar. Abin tambaya shi ne yadda aka raba ribar da ta biyo bayan sauyin, domin darajar ƙasar ta ninka sau da yawa bayan ta bar hannun masu ita na asali.

Martanin manoma shi ne awon igiya, wato mai gona ya yanka gonarsa fuloti-fuloti da kansa ya sayar tun kafin gwamnati ta iso. Yadda ake yi sananne ne: a kira dillali da mai awo, a ja igiya ko tef daga iyakar maƙwabci, a kafa turaku ko a aza bulo a kusurwa huɗu, a bar 'yar hanya a tsakani wadda ake ƙanƙanta ta gwargwadon iko saboda kowane taku kuɗi ne, sannan a rubuta takardar ciniki, shaidu su sa hannu, mai unguwa ya buga hatiminsa, a ba shi nasa, dillali ya karɓi la'ada. Mai saye yakan yi sauri ya zagaye da katanga ya ɗora ɗaki ko da guda ne, domin ya san rusa gini ya fi ƙwace fili wuya. Ba a ware wurin makaranta ko asibiti ko magudanar ruwa, kududdufin da aka haƙa don ginin ƙasa, wanda a da shi ke shanye ruwan sama, shi ma daga baya a cike shi da shara a sayar. Masu tsara birane suna zargin awon igiya da haifar da cunkoso da ambaliya, kuma suna da gaskiya, amma sukan manta cewa shi ne ya samar wa mafi yawan talakawan Kano matsuguni, kuma shi ne kaɗai hanyar da manomi ya ga zai ci wani abu daga ƙasarsa kafin a karɓe ta da kuɗin itatuwa.

Wannan tarihi a rubuce yake a jikin titunan yankin ga mai lura. Mutum zai bi titi miƙaƙƙe mai faɗi a cikin shimfiɗar gwamnati, gidaje masu get da lamba a dama da hagu, sai kwatsam titin ya tsuke ya zama lungu mai lanƙwasa wanda mota ba ta shiga, a ga tsohon zaure na ƙasa da aka yi wa shafen siminti, da masallaci ƙarami, da tsohuwar tsamiya da dattawa ke zama a gindinta, da maƙabartar da gidaje suka matse ta ko'ina. Nan ne tsohon ƙauyen, lanƙwasar lungun kuwa sau da yawa sawun burtali ne ko iyakar gonaki. Makomar iyalan da ke cikinsa ta bambanta. Waɗanda suka mai da kuɗin gona gidajen haya ko shaguna a bakin titi, ko suka sayi wata gonar can gaba, ko suka sa 'ya'yansu a makaranta, sun tsira da wani abu, wasunsu ma sun yi arziki. Waɗanda suka kashe kuɗin a aure da aikin Hajji da hidimar yau da gobe, wanda ba abin zargi ba ne ga mutumin da bai taɓa riƙe irin wannan kuɗi ba, sun wayi gari ba gona ba jari, rabon gado kuma ya ƙara tsinka abin da ya rage, har ya zama jikokin masu ƙasar ne ke gadi da leburanci da tuƙin Adaidaita Sahu a kan filayen kakanninsu.

Abin da ya faru a nan ba na Kano kaɗai ba ne, kuma Indiya ce ta fi ba da misalin da ya dace. Polly Hill ɗin nan, bayan ta bar ƙasar Hausa, ta yi bincike a wasu ƙauyuka na yankin Anekal kusa da Bangalore a jihar Karnataka, ta wallafa littafi a 1982 inda ta jera manoman hatsi na wuraren biyu, masu dogaro da ruwan sama, na can suna noma tamba, na nan suna noma gero da dawa, ta nuna cewa duk da bambancin addini da tsarin jinsin gado na Indiya, talaucinsu da rashin daidaiton mallakar gona a tsakaninsu sun yi kama. Yau masana'antu da kamfanonin fasaha na Bangalore sun mamaye sashe mai yawa na Anekal kamar yadda Kano ta mamaye Ɗorayi. A Delhi kuwa, tun 1908 ma'aikatan haraji suka zagaye mazaunin kowane ƙauye da jan layi a taswira don raba shi da gonaki, kuma da hukuma ta karɓe gonakin bayan samun 'yanci, abin da ke cikin layin ya zauna a hannun mutanen ƙauyen ba tare da an ɗora masa ƙa'idojin gini na birni ba, sai suka yi ta ɗora bene a kan bene suna ba da haya, kamar yadda ake gani a Munirka da Shahpur Jat. Cunkoson da ya biyo baya bai fi na awon igiya kyau ba, amma aƙalla an amince a hukumance cewa ƙauyen yana nan. Muhimmin bambancin ya zo a 2013, lokacin da Indiya, bayan doguwar gwagwarmayar manoma, ta soke dokar karɓar ƙasa ta 1894 ta maye gurbinta da wadda ta wajabta biyan diyyar ƙasar kanta bisa farashin kasuwa, har ninki biyu a birni da ninki huɗu a karkara, tare da sake tsugunar da waɗanda abin ya shafa. Dokar Nijeriya ta 1978 kuwa tana nan, kuma da yake an cusa ta a cikin tsarin mulki, gyara ta na bukatar irin matakan da ake bi wajen gyara shi.

Zaman jama'a bai rushe tare da gonakin ba, sauya aiki ya yi. Mai unguwa da dagaci suna nan, sai dai maimakon rabon gona da tara haraji, wanda gwamnatin Abubakar Rimi ta soke bayan hawanta a 1979, yanzu aikinsu shaidar cinikin gida ne da sulhun maƙwabta da na ma'aurata da tantance baƙon da ke neman haya da taimaka wa ma'aikatan rigakafi. Gayya ta koma aikin gayya na yashe kwata da gyaran maƙabarta, ƙungiyoyin unguwa da 'yan sintiri suka ɗauki wani ɓangare na abin da dangi ke yi a da, makarantar Islamiyya ta zauna kusa da ta allo, adashi da biki kuwa ba abin da ya taɓa su. Baƙin da suka zo daga ƙananan hukumomin Kano da Jigawa da Katsina da ma kudancin ƙasar sun fi 'yan asalin wurin yawa nesa ba kusa ba, amma sarautar unguwa da limancin tsohon masallaci sukan zauna a gidajen da suka gada, kuma a wurin jana'iza ko ɗaurin aure har yanzu ana gane wane ne ɗan gari. Alaƙar yankin da karkara ma ba ta yanke ba, ta koma ta kasuwa: tashar Unguwa Uku na sauke matafiya da kaya, 'Yan Awaki na karɓar dabbobi, 'Yan Lemo da ke Na'ibawa na karɓar kayan marmari daga nesa, yayin da Farm Centre, mai ɗauke da sunan aikin gona, ta zama babbar kasuwar wayar hannu.

Abin da ya yanke shi ne tsohuwar musayar taki da hatsi. Sharar birni a yau cike take da leda da roba da gwangwani da ɓaraguzan kwalba, manomin da ya saye ta a tifa sai ya sa yara sun tsince ta kafin ya baza, awakin da suka ci ledar kuma su kumbura su mutu, sauran sharar kuwa ta toshe magudanan ruwa a unguwannin da a da suke rububinta. Gonakin da suka rage sun matsa gaba zuwa Kumbotso da Dawakin Kudu da Warawa da Gezawa, kuma can ma igiyar ta riga ta isa, domin ƙidayar 2006 ta ba ƙananan hukumomi takwas na birnin mutum kusan miliyan 2.8, kuma rukunin gidaje irin su Kwankwasiyya da Amana da aka gina a hanyar Zariya bayan 2011 sun ja farashin gonakin da ke kewaye da su sama. Manomin Tamburawa ko na bayan Mariri yana fuskantar zaɓin da na Gyaɗi-Gyaɗi ya fuskanta shekaru hamsin da suka wuce, a ƙarƙashin doka ɗaya da ma'aunin diyya ɗaya, sai dai shi ya ga yadda ta kaya da na gabansa, shi ya sa yake saurin kiran dillali tun kafin ma'aikatan safiyo su kafa turakunsu.